Hayaƙin Bayan Ɗakin Inna

Akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin da ake yi wa laƙabi da Sarkin Waya. Hannunsa na da albarka, sai dai ba a gaya masa ya ji. Shagonsa a jikin gida yake, inda yake zaune da matarsa da mahaifiyarsa, Inna.

Duk abin da ya ƙi gyaruwa, a bayan gida yake jibge shi: matattun talabijin, fasassun wayoyin hannu, batura masu yoyo. Ranar da babu ciniki sai ya tara igiyoyin wuta, ya yayyafa fetur ya ƙyasta ashana. In robar ta ƙone, ya tsince jan ƙarfen ya sayar. Baƙin hayaƙin kuwa tagar ɗakin Inna yake bi.

Maƙwabcinsa Dogo direba ne a wata ma'aikata da ke karɓar tsofaffin kayan lantarki. A can ake kwance su da safar hannu da takunkumi, a ware abin da zai sake amfani, mai guba kuma a killace shi.

Wata rana Dogo ya leƙo yana toshe hanci. "Maƙwabci, wannan hayaƙin guba ne wallahi. Ka bari mu kwashe kayan nan, a sarrafa su yadda ya kamata."

Sarkin Waya ya kwashe da dariya. "Shekara ashirin ina sana'ata, yau ɗan kwasar bola ne zai koya min? Ja tsayinka ka ba ni wuri."

Matarsa ma ta yi magana. "Maigida, tarin Inna fa ƙaruwa yake yi."

Sai ya leƙa ɗakin. "Inna, hayaƙin nan yana damun ki?"

Ta yi murmushi. "Wane hayaƙi? Tsufa ne, ɗan nan. Je ka nemi abincinka."

Bai san cewa in ta ji tafiyarsa, a cikin mayafi take danne tarin ba.

Wata safiya Inna ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar ɗaki, numfashinta na sarƙewa. Dogon da aka yi wa gori shi ya fito da mota a guje, ko takalmi babu, ya kai su asibiti.

Likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjinta. "Tsohuwar nan tana shan taba ne?"

Sarkin Waya ya ce, "Taba? Inna?"

"To me ta daɗe tana shaƙa?"

Matar Sarkin Waya ta sunkuyar da kai. Shi kuwa nan take ya tuno hayaƙin bayan gida.

Kwana huɗu Inna ta yi a gado. A na ƙarshe ta kama hannunsa. "Kar ka ɗora wa kanka. Gani na yi kana samu, shi ya sa na yi shiru." Kafin azahar ta cika.

Bayan mutane sun watse, ya shiga ɗakinta don haɗa kayanta. Da ya cire labule, sai ya ga bangon ya yi baƙi ƙirin. Ya shafa da yatsa, baƙin ya biyo shi, mai maiƙo. Nan ya durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Sawu uku motar ma'aikatar ta yi kafin bayan gidan ya zama fili. Dogo bai taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba. Ɗakin Inna kuwa har yau a kulle yake, ya kasa sa kowa a ciki.

Darasi: Tsohuwar waya, batir da talabijin ba sharar ƙonawa ba ne. A kai su inda ake sarrafa su, domin na kusa da kai gubarsu take fara ci, kuma mai ƙaunarka ba lallai ya yi ƙorafi ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila ku ceci numfashin wani.