Ƙaguwa da Shurin Jimina

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo."

Wata shekara aka yi fari, rafuka suka ƙafe, sai tafki ɗaya ya rage. Jimina ta je ta tsaya a bakinsa. Ta ce, "Mai son ruwa sai ya sha shurina uku."

Mugun Dawa, aladen daji, ya zo. Ya ce, "Ni ƙirjina dutse ne." Ya kafe ƙafafu ya tsaya ƙyam. Shuri ɗaya, ƙirjin ya tsage. Ungulaye suka sauko.

Dila ya zo. Ya ce, "Ni da baya zan ja." Ya manta ƙafar Jimina doguwa ce. Ta cim masa a ciki. Ungulaye suka sake saukowa.

Duk Ƙaguwa na kallo daga ƙarƙashin dutse. 'Ya'yanta suna rami, ƙishi ya sa ko kuka sun daina. Ta fito.

Jimina ta leƙo ta ce, "Ke 'yar mitsila, ba ki ga ƙasusuwan nan ba?"

"Na gani, ranki ya daɗe."

"Ba kya tsoro?"

"Ina ji har cikin ƙoƙon bayana."

Ƙaguwa ba ta kalli idon Jimina ba, ƙafafunta ta zuba wa ido. Ta riga ta lura, duk ƙafar da nauyi ya bari, ita ke tahowa, kuma gaba take zuwa sak.

Ƙafar dama ta yi sauƙi. Ƙaguwa ta goce gefe. Shurin ya wuce fuu, iskarsa ta watsa mata yashi a ido.

Ƙafar hagu ta yi sauƙi. Ta goce ɗaya gefen. Farce ya kankare mata baya.

Jimina ta daina dariya. Ta yi ta matso ta a hankali, har ta kai ta lungun dutse. Dama dutse, hagu dutse, baya dutse. Ungulaye suka matso kusa.

"Yanzu ina za ki?"

Ƙaguwa ta jingina bayanta da dutse. Ta durƙusa, ta ɗaga hannuwanta biyu a gaban fuska. Shuri na uku ya taho. Ba ta tare shi gaba da gaba ba. Ta bugi ƙwaurin ta gefe, ta karkatar da shi. Hannunta ɗaya ya karye, amma ƙafar Jimina ta faɗa kan dutse, ƙwas. Yatsunta suka zube, biyu kawai suka rage. Ta ruga daji da ɗingishi.

Ƙaguwa ta kwaso 'ya'yanta suka sha ruwa. Amma tsoron bai sake ta ba. Shi ya sa har yau a kaikaice take tafiya, hannuwa a sama, ko da ba kowa a gabanta. Jimina kuwa, ku duba sawunta, yatsu biyu za ku gani.

Ƙurunƙus, kan ɓera ne, ba naku ba.