Sawun Dodo a Lambun Tukur

Akwai wani manomin rani mai suna Tukur, a wani ƙauye kusa da Bilbis ta ƙasar Tsafe. A shekarar 1998 ya dasa albasa a bakin tafkin garinsu, ta yi kyau har ana tsayawa kallo. Hatsinsa bai yi auki ba a shekarar, don haka albasar nan ce za ta ciyar da gidansa har damina.

Damuwarsa ɗaya ce. Masu ɗiban ruwa da masu shayar da dabbobi suna ratsa masa gefen lambu.

Matarsa Hasana ta ce, "Malam, ka sari ƙaya ka yi shinge mana, kamar kowa."

Shi kuwa Tukur gani yake duk garin ba mai wayonsa. Ya ce, "Shinge aikin marasa dabara ne. Ke dai sa ido."

Ranar kasuwa, da gari ya watse, ya ɗauki tsohon turmi ya nufi tafki. Ya riƙa danna gindinsa cikin laka, yana ja wa kowane sawu farce uku da fartanya. Washegari ya tsaya ƙofar masallaci murya na rawa, wai ya ga sawun wata halitta da ta fito daga ruwa. A tunaninsa kowa zai tsorata ya bar wajen.

Kwana biyu aka yi ana tsoro. A na uku wani direban bas ya kai labari tashar Gusau.

Jama'a, sai ga mutane kamar ana biki! 'Yan kabu-kabu suna sauke ma'aikatan Gusau, bas na zuwa cike daga Bungudu, wani ma daga Kekun Waje ya kwaso iyalinsa gaba ɗaya. Kuma duk wanda ya zo, ta cikin albasar Tukur yake bi, don daga nan aka fi hango sawun.

Ba wanda ya ga dodon, amma kowa ya san kamanninsa. Wannan ya ce kan raƙumi gare shi, wancan ya rantse kada ne mai ƙaho. Har aka kusa ba hamata iska a kan ƙafafunsa huɗu ne ko shida.

Ana cikin haka, wata safiya Tukur ya tarar da sabbin sawu, manya, waɗanda ba shi ya yi ba. Ya koma gida a guje.

"Hasana, turmin nan yana nan?"

"Ga shi can inda ka aje shi."

Ya zauna daɓas. "To wa ya yi wanga? Ko dai... ko dai akwai shi?"

Kwana huɗu Tukur bai yi ban ruwa ba, yana tsoron abin da shi da kansa ya ƙirƙira. A na biyar ya yi ta maza ya leƙa da sassafe, sai ya ga Inna Talatu, tsohuwa mai sayar da fura, tana danna gindin babbar tukunya a laka.

"Inna! Mi kike yi nan?"

Ko a jikinta. Ta ce, "Ɗana, an tattake na jiya. In baƙi sunka zo ba su ga komi ba, wa zai sha hura?"

Tukur ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ya dubi albasarsa, rabi ta kwanta. Nan take ya tafi wajen mai gari, a gaban jama'a ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, babu dodo. Ni na yi sawun nan da turmi."

Mai gari ya ce, "Tukur, ba kai ka fara ganin shi ba?"

"Ni ne, amma ƙarya na yi."

Lukuman mai hoto, wanda ya tare a garin daga Gusau, ya ɗaga wani hoto mai duhu. "To wannan da na ɗauka cikin ruwa fa, shi ma turmi ne?"

Wani dattijo ya girgiza kai cike da tausayi. "Allah sarki. Abin ya taɓa mai kai. A kai shi a yi mai addu'a."

Kafin la'asar sabon labari ya isa Tsafe, wai duk wanda ya haɗa ido da dodon sai ya koma yana musun akwai shi. Ranar Asabar jama'ar da ta zo ta ninka ta baya.

Wallahi ni nan ne ya ba ni tausayi. Tukur ya je lambu ya tsaya yana neman ganye ɗaya da ya tsira, bai samu ba. Abincin gidansa ya zama laka ƙarƙashin takalman baƙi. Wani matashi da ke tsaye a kan fangalin albasa na ƙarshe ya taɓa kafaɗarsa.

"Baba, don Allah ɗan matsa, ka tare mana tafki."

Tukur ya matsa.

Darasi: Ƙarya kai ke fara ta, amma da ta fita bakinka ba ka da sauran iko da ita, har ranar da za ka faɗi gaskiya a ƙi yarda. Kada girman kai ya sa ka raina shawara mai sauƙi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu jin sun fi kowa dabara.