Farin Inji

Akwai wani mai fentin mota da ake yi wa laƙabi da Ɗan Ƙwalisa. Hannunsa na da kyau, wannan ba a musu. Matsalarsa ɗaya: in ya faɗi magana to ta zauna, ko da kuwa a kan kuskure ta zauna.

Tsohuwar motarsa ta fara ɗaukar zafi. Sai ya zauna ya yi nasa lissafin: farar riga ta fi baƙa sanyi a rana, shi kuwa injinsa baƙi ƙirin ne. Ashe maganin yana cikin gwangwaninsa!

Yayansa, wanda bakanike ne a garejin da ke jikin nasa, ya leƙa ƙarƙashin bonet ya nuna masa wani jan tabo na tsatsa a gindin tiyon ruwa.

"Ka ga nan? Ruwa ke ɗiga. Bar min ita in canja tiyon."

"Yaya, launi ne matsalar. Baƙi riƙe zafi yake."

"Rana tana shiga ƙarƙashin bonet ne? Zafin inji daga cikinsa yake tasowa, ruwa da iska ke kashe shi. Ko kore ka shafa masa, bai san ka yi ba."

Ɗan Ƙwalisa ya yi dariya. "Kai ka san ƙarfe, ni na san launi. Kowa ya tsaya a fagensa."

Da yamma ya fesa wa injin fari tas. Ya bi ta kan tabon tsatsar ya shafe shi, ya labta wa lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, fenti mai kauri har ƙananan ƙofofin da iska ke bi suka cushe. Wallahi ya yi kyau, kamar sabon kwanon sha.

Abin haushin, washegari ce ranar jarrabawar shiga makarantar jinya ta babbar 'yarsa, wadda tun tana rarrafe yake kira Likita. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma in aka rufe ƙofa an rufe. Yayan ya ce zai kai ta a babur ɗinsa. Ɗan Ƙwalisa ya ce 'yarsa ba za ta je jarrabawa da ƙura a mayafi ba.

Suka kama hanya da safe. Da farko lafiya lau, har yana waƙe-waƙe. Sai suka faɗa cunkoson motoci a kan gada, ba gaba ba baya.

Allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa.

Ya kalle ta ya kau da kai. Ya sake kallo, ta wuce rabi. Likita na gefe da littafi a cinya, leɓɓanta na motsi, tana bitar ƙarshe.

"Baba, ba ka jin ƙauri?"

"Na motar gaba ne. Yi karatunki."

Ya san ba na motar gaba ba ne. Ƙaurin fentinsa ne ke gasuwa. Wayarsa na aljihu, lambar Yaya ce a sama, amma bai kira ba. Me zai ce masa? Ya ce a ransa bari dai a sauka daga gadar. Allura ta taɓa ja. Ya ce bari dai a kai shataletale.

Ba su kai ba. Wani abu ya yi "fus!", tururi ya turnuƙe gilashin, injin ya yi tari ya mutu a tsakiyar titi. Na baya suka dinga danna oda.

Sai a lokacin ya kira yayansa.

Yayan bai ce "ai na gaya maka" ba. Ya iso a guje a babur, ya ce wa Likita, "Hau, 'yata," suka kutsa tsakanin motoci. Ɗan Ƙwalisa ya tsaya da bonet a buɗe, yana addu'ar da bai taɓa yin irinta ba. Tiyon ya fashe daidai inda tabon yake. Farin fentin ya kumbura yana zubowa.

Da ya hango babur ɗin ya dawo da mutum biyu, sai ya taho da sauri ya tare su.

"Muna isa suka rufe ƙofa," in ji yayan a hankali. "Na roƙi mai gadi har na gaji. Da ka kira ni tun allura na rabi, da tana ciki."

Likita ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta sauko, ta rungume littafinta a ƙirji, ta daɗe tana kallon injin.

"Ya yi kyau kuwa, Baba," ta ce.

Darasi: Launi ba ya sanyaya inji, fenti ba ya ɗinke ɓaraka, sai dai ya ɓoye ta har ranar da za ta fashe. In wanda ya san aiki ya nuna maka aibi, ka gyara, kada ka shafe. Girman kanka ba kai kaɗai yake ƙonawa ba, har da wanda ke zaune a gefenka. Ka tura wannan labari ga wanda ka san ba ya son a gyara masa magana.