Kyandir Huɗu a Fadama

An yi wani mutum a wani ƙauye can arewacin Suwidin, ba zan kama sunansa ba. Yana da fadama a bayan gidansa. Duk ƙarshen zafi sai ta fitar da wasu 'ya'yan tsiro ruwan ɗorawa, kowane ɗaya a kan karansa, kamar da hannu aka ɗora shi. A ƙasar kowa yana da damar shiga dajin kowa ya tsinka. Wannan shi ne abin da ke ci wa mutumin rai.

Fadamar kuwa tana haɗiye mutum. Shi ya sa tun kakanni aka shimfiɗa katakai a kanta, hanya guda tak. Sai ya riƙa fita da sassafe yana karkatar da katakan tsakiya zuwa inda gansakuka ta rufe rami, kore shar, sai ka ce darduma. Ya koma gida ya sha gahawarsa. Da yamma ya mayar da su yadda suke. A ransa yana cewa, "Ni ban taɓa kowa ba."

Ya 'yan uwa, wanda ya karkatar da hanya bai taɓa kowa ba?

Shekara uku, mutum uku suka ɓace: wani tsohon malamin makaranta, wata baƙuwa daga kudu, da wata budurwa mai suna Elvy.

Shugabar 'yan sandan yankin, Majvor Stenlund, ita abin ya fi damu. Ta sa karnuka, ta sa jirgi ya yi shawagi, ta bi katakan nan da ƙafarta ta same su daidai. Kullum da safe mahaifin Elvy, wani dattijo Helmer, yana zaune a ƙofar ofishinta, hula a kan gwiwa. "An ji wani abu?" Sai ta ce a'a. Abin da take so a duniya ta daina faɗin kalmar nan.

Sai ranar tunawa da matattu ta zo, farkon Nuwamba, ranar da kowa ke kunna kyandir a kabarin nasa. Ƙarfe uku na rana duhu ya fara sauka. Majvor ta kunna wa uwarta, ta kama hanya a mota tare da mataimakinta Torvald. Da suka zo gefen fadama ta taka birki.

"Kana ganin wuta can?"

"Ranki ya daɗe, ko dai gahawa ce ta yi miki yawa?"

"Rufe min baki ka ƙirga."

Ya leƙa. Dariyar ta ɗauke. "Huɗu. Amma ai babu kabari a can."

Suka bi katakai. Iska babu, tsuntsu babu. Suka tarar da mutumin nan mai fadamar a durƙushe gaban kyandir huɗu, yana kare harshen wuta da tafin hannunsa.

"Baba, wa ke nan ƙasa?"

"'Yar Stenlund, ke ce? Kar ki taka can." Bai ko ɗago ba. "Uwata ta ce ba a barin mamaci cikin duhu yau. Na yi ƙoƙarin zama a gida, na kasa."

Majvor ta ce, "Uku nake nema. Na huɗun fa?"



"Solveig ce, 'yata. Bana ta zo daga birni ba ta gaya min ba. Ta sauka daga bas, ta yanke ta nan don ta tsinko min 'ya'yan tsiron. Bokitinta na gani yana yawo a kan ruwa."

Aka haƙo gawarwakin huɗu. Wannan laka ba ta cin nama. Fuskokinsu suna nan kamar masu barci, gashinsu kawai ya koma ja. Da safe Majvor ta fito da kanta ta zauna kusa da Helmer, kafin ya tambaya ta ce, "Mun same ta." Ya sa hularsa, ya ce a kai shi wurinta.

Shi kuwa mai fadamar yana kurkuku har yau. An ce ba ya sauke ƙafa a ƙasa sai ya fara gwada daɓen da ɗan yatsa, ko siminti zai nutse da shi.

Ya 'yan uwa, me ya kai shi? Rowa ce, a kan abin da ba shi ya shuka ba, ba shi ya ba ruwa ba. Allah ya fitar wa bayinsa, shi ya ce nasa ne. Kuma ya rarrashi kansa da cewa hannunsa bai taɓa kowa ba. Kai ma duba naka. Wace hanya ka karkatar, ka koma gida ka ci abincinka? Ba kai za ka zaɓi wanda zai bi ta ba.

Allah ya kiyaye mu da rowar zuciya, ya kiyaye 'ya'yanmu da aikin hannunmu. Amin.