Akuyar da Ta Yi Shiru

Akwai wani tsohon direban babbar mota, shekara talatin yana kan hanya, har idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi. 'Yan unguwa ba su daina kiransa Direba ba. Da babbar 'yarsa ta ga zaman gida na neman ya cinye shi, sai ta kawo masa jar akuya da ɗanta, ta ce, "Baba, ga abin ɗebe kewa."

Direba bai taɓa kiwo ba, amma mutum ne da ba ya son a ce bai iya ba. Ya kafa turke a bayan ɗakin girki, jikin katangar da ta raba su da maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Tun mijinta na da rai take kiwon awaki. Ita da Direba ba sa ga maciji, don ya sha yi mata ƙorafi a kan warin bunsurunta.

Akuyar nan uwar ɓaɓatu ce. Duk bayan mako uku sai ta kwana biyu tana kuka, tana kaɗa wutsiya, tana fizgar igiya kamar za ta tuge turken. Direba ya ɗauka halinta ne kawai.

Kwatsam sai ta yi shiru.

Wata guda ya wuce babu wannan kukan. Ta koma cin abinci kamar gara, in ta ƙoshi ta kwanta tana tuƙa, ido a lumshe. Ɗanta ya zo shan nono ta ture shi. Nonon ma ya ja baya.

Direba ya tsaya a kanta ya riƙe ƙugu. "Mai ciwo ba ya ci, mai ci ba ya kwanciya. Wannan kuma wane iri ne?"

Ya kai maganar majalisarsu da ke ƙofar shagon aski. Mai aski ya ce leda ta haɗiye. Bakanike ya ce tsutsar ciki ce, ya rantse haka ta surukinsa ta yi. Mai gyaran takalmi ya rage murya ya ce a dai bincika, ba kowa ke son ganin mutum da dabba ba. Direba ya je da tambaya ɗaya, ya dawo gida da amsa uku, kansa ya ƙara ɗaurewa.

Matarsa tana wanke-wanke ta ce a hankali, "Maigida, ko dai ciki ne da ita?"

Ya yi dariya har da tari. "Ciki? Ke ma dai. Akuyar da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba? Ina bunsurun? Iska ce ta yi mata?"

Sai ta mayar da kai kan kwanukanta.

Bayan 'yan makonni cikin akuyar ya fara tasowa. Ana nan kuma wata safiya Direba ya ga hannun Gwaggo ta saman katanga, tana zubo wa akuyar ɓawon kayan miya. Nan take maganar mai gyaran takalmi ta faɗo masa. Bai tsaya sa hula ba ya zagaya ƙofar gidanta.

"Gwaggo, me kike ba akuyata? Tun da kika fara jefo mata abu ta canza. In wani abu ya same ta, ke ce."

Mutane suka fara leƙowa. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Ɓawo ne, ɗan nan. Wanda nawa suke ci. Allah ya huci zuciyarka." Ta mayar da ƙyaurenta.

Wannan haƙurin ya ƙara rikita shi. Da ta yi faɗa, da ya san ya kama mai laifi. Da ta rantse, da ya ce tsoro ne. Ita kuwa ba ta yi ko ɗaya ba.

Ranar kasuwa ya samu wani mai tallar magani a bakin hanya, ya sayo kwalba marar takarda, wai tana wanke cikin dabba tas, ko leda ce, ko tsutsa, ko sammu. Ya dawo ya matse akuyar tsakanin ƙafafunsa, ya ɗaga bakinta. Matarsa ta ga da gaske yake, ta yafa mayafi ta fita da sauri. Kafin ya gama kokawa da murfin kwalbar, sai ga ta da Gwaggo.

"Dakata tukuna," in ji Gwaggo. "In na gama tambayata ka ɗura mata. Yaushe rabonta da kukan nan na kaɗa wutsiya?"

"Ya fi wata biyu."

"To ai wannan kukan ba rashin kunya ba ne, namiji take nema. In lokacinsa ya zo bai dawo ba, alamar ciki ce ta farko. Ci ya ƙaru? Nono ya ragu? Ta yi sanyi?"

Direba ya gyaɗa kai sau uku, ba da son ransa ba.

"Zo ka tsaya ta bayanta. Hagu tumbi ne, in kumburin ciwo ne nan yake tashi, ka buga ka ji kamar ganga, kuma ba za ta ci ba. Ita dubi damanta ya fara sauka. Kawo hannunka nan, gaban hantsa. Ka ji ya yi tauri?"

Ya taɓa. Ya ji. Ya cire hannu ya sake mayarwa.

"Na ji. Amma Gwaggo, ba ni da bunsuru. Ta ina?"

Gwaggo ta dubi matar. Matar ta dubi ƙasa.

"Ranar da ka je asibitin ido," in ji matar, "ruwa ya zubar da gindin katanga, bunsurun Gwaggo ya shigo. Sai la'asar ni da ita muka fitar da shi, muka toshe wurin da bulo. Na san yadda kake da shi, na ji tsoron faɗa."

Direba ya dubi bulon, wanda kullum yake wucewa ta gabansa bai taɓa tambaya ba. Ya dubi kwalbar da ke hannunsa, sannan ya juya ga Gwaggo.

"Ke kin sani, kika bar ni na tara miki jama'a?"

"Da na faɗa a ƙofar gida, a kan matarka za ka sauke," in ji Gwaggo. "Ni tsohuwa ce, magana ba ta huda ni. Kuma kar ka tsaya a bakina, alama ba tabbas ba ce. Kai ta wurin likitan dabbobi, ka tafi da kwalbar."

Likita ya duba ya ce ciki ne, ya kusa wata uku. Ya shinshina kwalbar ya ce da ta sha, cikin zai iya zubewa, ita ma sai abin da Allah ya yi.

Da cikin ya cika wata biyar, wata rana da hantsi naƙuda ta kama akuyar. Ɗa na farko ya fito lafiya, na biyu ya tsaya. Direba ya ruga gidan Gwaggo ba takalmi. Ta zo ta wanke hannu, ta gyara kwanciyar ɗan a hankali har ya fito yana atishawa.

Washegari ya roƙe ta ta fito ƙofar gida, ya kira 'yan majalisa, ya durƙusa. "A gaban mutane na ci mutuncinki, a gabansu nake neman gafara."

Gwaggo ta ce, "Na yafe tun ranar. Tashi ka je ka ba mai jego ruwan ɗumi, tun ɗazu nake jin kukanta."

Darasi: In abu ya ɗaure maka kai, tambayi wanda ya san shi kafin ka zargi kowa ko ka ɗauki mataki. Sau da yawa amsar tana bakin wanda ka raina, kuma mai saurin fushi shi ake ɓoye wa gaskiya a gidansa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sabon kiwo, ko wani ya amfana.