Wasiƙar da Malam Taki Ya Ƙi Nema

Akwai wani malamin koyar da noma a wata kwaleji, ɗalibai suna kiransa Malam Taki, don ko gaisuwa ka yi masa sai zancen ya ƙare a ramin takin gargajiya. Shekara ashirin da biyu yana koyarwa, amma digirin dakta ya gagare shi, saboda ba zai iya ajiye aiki da iyali ya koma aji ba.

Sai ya ga wata jami'a ta buɗe karatun dakta a fannin koyar da noma, daga nesa, ta intanet, musamman don ma'aikata. Kwalejinsa kuwa ba ta ba wanda ya kai hamsin izinin ƙaro karatu, shi kuma yana da arba'in da tara. In bana ta wuce shi, ta wuce ke nan.

Ya cike fom, ya ɗora takardunsa. Saura wasiƙun shaida guda uku, waɗanda masu rubutawa za su tura da kansu kafin ƙarshen ranar Juma'a. Ɗaya dole ta fito daga wanda ya ga koyarwarsa a gona da idonsa.

Malam Taki mutum ne mai son manyan sunaye. Ya zaɓi wani farfesa da wasu daraktoci biyu, waɗanda iyakar saninsu da shi musabaha a wajen taro.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ina Shugaba? Ai ita ta san aikinka."

Shugaba ita ce tsohuwar shugabar sashensu. Ta taɓa sa shi ya sake kunyoyin gwaji har sau uku a gaban ɗalibai, abin ya tsaya masa a rai. Da ta yi ritaya, ko walimar ban kwana bai je ba.

Ya ce, "Wa ya san ta? Ko dakta ba ta da shi."

Matar ta ce, "To, Allah ya sa su manyan sun san ka."

Biyu suka tura nasu. Na ukun, wanda ya yi alkawarin zai ce ya ga koyarwarsa, ya daina ɗaga waya. Ranar Laraba jami'a ta aiko da tunatarwa cewa fom ɗin da bai cika ba, ba za a duba shi ba.

Malam Taki ya zauna a ofis yana kallon saƙon. Kunya ta kama shi, amma ya ga kunyar yini ɗaya ta fi nadamar sauran rayuwa sauƙi. Ya hau babur sai gidan Shugaba.

Ya same ta tana ba tumatir ruwa a cikin buhuna. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ikon Allah! Ashe kana raye? Me ya ƙone?"

Ya durƙusa ya faɗi gaskiya, bai rage komai ba, har da maganar da ya yi a kanta.

Ta ce, "Ba na rubuta abin da ban gani ba. Shekara bakwai rabona da aikinka. Gobe kana da darasi a gona?"

Washegari ta zo da sandarta, ta kifa bokiti ta zauna a bakin kunya. Awa biyu tana kallonsa cikin rana. Wani ɗalibi ya jera takin ba daidai ba, busasshen ganye duk a waje ɗaya. Malam Taki bai yi tsawa ba. Ya naɗe wando ya shiga ramin, suka kwashe suka sake jerawa tare. Da aka gama, Shugaba ta tashi ta tafi.

Ranar Juma'a da hantsi wasiƙarta ta shiga.

Bayan wata guda aka yi masa ganawa ta bidiyo. Shugaban kwamitin ya ce, "Wasiƙu biyu sun ce kai haziƙi ne, ba mu ƙaru da komai ba. Ta ukun ta ce kana da girman kai kuma ba ka son gyara, sannan ta cika shafi biyu da abin da ɗalibai suke koya a hannunka. Ita muka gaskata."

Aka ɗauke shi.

Ya koma yi mata godiya. Ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda da ta fara ja saboda daɗewa, rubutun hannunta ne, da sunansa a sama.

Ta ce, "Makon da zan yi ritaya na rubuta wannan, don na san wata rana za ka buƙata. Zuwan da na yi gona, so nake in ga ko har yanzu gaskiya ce."

Malam Taki ya riƙe takardar, ya kasa ɗaga kai. Duk shekarun nan da yake kauce wa layin gidanta, shaidarsa tana ajiye a ciki tana jiransa.

Darasi: Wanda ya gyara maka aiki ya fi wanda ya tafa maka sanin darajarka. Kada ka raina shi don ba shi da babban suna, kuma kada ka bari sai buƙata ta kai ka ƙofarsa. Ku tura wa duk wanda yake da tsohon malamin da ya daɗe bai gaisar ba.