Tsakuwar Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah, sunansa Tanimu. Sunan garin ba zan faɗa ba, kada ku tashi daga nan ku tafi neman gidansa. Ku matso. Na baya can, in hira ce ta kawo ku, waje da faɗi.

Sana'ar Tanimu rubuta manhaja, irin wadda kuke latsawa a waya. Mutum ne marar hayaniya. Rigunansa uku. In ya shiga taro, wajen takalma yake zama.

A zamanin, masu wannan sana'a a garin ƙungiya goma sha biyu ne. Wasu na yi wa asibiti aiki, wasu manoma, wasu makarantu. Kuma duk mai rubuta manhaja, kafin ta isa hannun jama'a, aiki uku ne a kansa. Ya gwada ta ya ga babu ɓaraka, ya ƙunshe ta, sannan ya raba ta. Kowa da hannu yake yi, kowa da irin nasa. Yau wannan ya manta da gwaji, gobe wancan ya ƙunshe tsohuwa ya aika wa mutane.

Tanimu ya zauna ya rubuta tsari guda wanda na'ura ke bi da kanta. Ku ɗauke shi kamar injin niƙa na unguwa. Ka kawo hatsinka, a tankaɗe, a ɗura a buhu, a kai gida. Gwajin shi ne rariya. In aikinka ya wuce lafiya, alama ta nuna kore, a ƙunshe a raba. In rariya ta kama wani abu, ta nuna ja, komai ya tsaya cak.

Bai ɓoye ba. Ya buɗe wa kowa, kyauta. Kuma ba kwafa kowa ya yi ya tafi da nasa ba. Layi ɗaya kake rubutawa a cikin aikinka, ka ce a bi tsarin Tanimu, shi ke nan. In ya gyara abu a wajensa, ƙungiya goma sha biyu sun sami gyara, ba su ko motsa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yana da wata al'ada. Duk ranar Alhamis sai ya ɓata wani ɗan aiki da gangan, ya tura cikin tsarin, ya ga ko za a kama. Shi ya sa wa abin suna jefa tsakuwa. In ta nuna ja, ya ce alhamdu lillahi, rariya na nan.

To, Tanimu yana da suruki, Ladan Sambo, mahaifin matarsa Asabe. Shekara arba'in yana kiran salla a masallacin unguwa. Tsoho ne mai tsauri. Shekara tara Tanimu na durƙusawa yana gaishe shi, bai taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai "mai danne-danne". In an tambaye shi sana'ar mijin 'yarsa, sai ya ce, "Zama." Abin na yi wa Tanimu ciwo, amma bai taɓa furtawa ba.

Ana nan sai abokan sana'a suka fara ƙorafi. Tsarin na da kyau, amma jira ya yi yawa, minti ashirin kafin a ga kore. Tanimu ya ƙara wani layi, cewa in ba a taɓa komai ba, a tsallake gwaji. Sai ga abu yana gamawa cikin minti biyu. Gari ya ɗauka. Wannan ya kira shi ya yi godiya, wancan ya kawo masa aikinsa ya duba. Hidima ta yi masa yawa. Alhamis uku a jere bai jefa tsakuwa ba.

Ƙungiyoyin suka ce sai an yi masa walima, saura kwana biyar azumi. Labari ya kai kunnen Ladan Sambo. Tsoho ya ce, "A ƙofar gidana za a yi." Ya sa aka share fili, ya aiki mutum aron tabarmi, ya fito da babbar rigarsa ta Idi.

Ku saurara. A nan jarrabawa take.

Ranar walima ta faɗo Alhamis. Da hantsi Tanimu ya ce bari ya rama bashin al'adarsa. Ya ɓata aiki, ya tura. Kore. Ya murza ido, ya ɓata shi ɓaci mai muni, wanda ko makaho zai gani. Kore. Ya buɗe layin da ya ƙara ya karanta a hankali. Ashe ya rubuta sharaɗin a karkace. Taɓa ko kar ka taɓa, tsallakewa ake yi. Saurin da ake yabo, saurin injin da aka cire wa rariya ne. Mako uku cur, duk abin da ƙungiya goma sha biyu suka raba wa jama'a, ba wanda aka gwada.

Gyaran bai ɗauke shi minti biyar ba. Ya gyara, ya jefa tsakuwa, ta nuna ja. Sai ya zauna ya haɗa tagumi.

A haka abokinsa Gwadabe ya same shi. Gwadabe shi ke da manhajar lokutan salla da buɗa baki, wadda rabin garin ke amfani da ita. Mutum ne mai ƙiba da barkwanci, ya riga ya sha turare tun da safe.

"Angon walima! Wa ya mutu?"

Tanimu ya juya masa kwamfutar, ya gaya masa komai.

Gwadabe ya ce, "Ka gyara?"

"Na gyara."

"Wani ya sani?"

"Kai."

"To ni kurma ne tun daga haihuwa. Tashi ka yi wanka. Ai amfanin tsarin naka ke nan, ka gyara a nan, kowa ya samu. Gobe su ga jira ya dawo, ka ce na'ura ce ta gaji."

"Wanda za su turo gobe, za a kama. Wanda suka riga suka raba fa? Yana cikin wayoyin mutane. In ban faɗa ba, wa zai koma ya sake gwada shi?"

"Mutumina, ni na fitar da tawa ta azumi kwana goma da suka wuce. Da hannuna na rubuta, lafiyarta ƙalau. Ba zan sake taɓa ta ba sai bayan Salla. An yanka rago, ka ji ko? Rago! Ka bari mu ci, ka yi tubanka ranar Asabar."

Tanimu ya shiga ciki wajen Asabe, tana daka kayan yaji. Ta saurare shi har ya gama, ta ajiye taɓarya.

"Baban Ummi, ka san Baba ya sa an wanke rawaninsa? Jiya har cewa ya yi da maƙwabci, ai mijin 'yarsa ne ya yi abin. Ban taɓa jin haka a bakinsa ba."

"Na sani."

"To me za ka yi?"

"Shugabannin duka za su zo. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya. In na bari sai Asabar, saura kwana uku azumi, kowa ya watse."

Ta dube shi, ta ɗauki taɓaryarta. "Sa farar rigar. In za ka ji kunya, ka ji ta cikin tsabta."

Bayan La'asar fili ya cika. Ladan Sambo na zaune a kan buzu, rawani fari tas. Aka yi addu'a, aka yi jawabi. Wani ya ce abin minti ashirin Tanimu ya mayar minti biyu, aka yi kabbara. Sai aka ce ya taso ya ce wani abu.

Ya taso daga wajen takalma. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, sannan ya miƙe.

"Jama'a, saurin nan da kuke yabo, kuskurena ne. Mako uku ba a gwada aikin kowa ba. Koren da kuka gani, ƙarya ne. Na gyara yau da hantsi. Ina roƙon kowa ya sake tura abin da ya raba a cikin makon ukun nan, yanzu, kafin a ci abinci. Ku yafe mini."

Ladan Sambo bai gane rariya ba, bai gane kore ba. Abin da ya gane, ya tara mutane a ƙofar gidansa don a yabi surukinsa, surukin ya tashi ya ce shi mai laifi ne. Tsoho ya naɗe buzunsa ya shige zaure.

Masu sana'a suka yi gunaguni, amma suka ciro kwamfutocinsu a kan tabarma. Nama na hucewa, ana jiran minti ashirin. Na asibiti, kore. Na manoma, kore. Ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya. Saura Gwadabe, yana can yana leƙen faranti.

Aka ce, "Kai Gwadabe, tura taka!"

"Tawa? Ɓata lokaci ne. Amma don ku bar ni in ci."

Ya tura. Ja.

Ya ce na'ura ce ba ta da lafiya. Ya sake turawa. Ja. Aka taru a kansa aka duba. Ashe da yake shirya jadawalin azumi, ya ɗora wa garin lissafin wani gari da ke gabas da su, inda rana ke riga faɗuwa. Minti bakwai. Da an shiga Ramadan a haka, duk mai bin wayarsa zai kai dabino baki rana na sama. Gwadabe ya cire hula ya share gumi. "Tanimu, ka ci rabona na ragon. Ni na ƙoshi."

Aka kwashe da dariya. Kafin Magariba ya gyara, ya tura, ta nuna kore na gaskiya, aka raba wa jama'a sabuwa.

Abin da ba su sani ba, tsoho na bayan ƙyauren zaure yana ji. Kuma akwai abin da ba wanda ya sani sai Asabe. Idon Ladan Sambo ya yi rauni, shekara biyu ba ya iya tantance faɗuwar rana. Wayar da ke aljihunsa ke yi masa ƙara, ya tashi ya kira Magariba. Manhajar Gwadabe ce a ciki. Da muryarsa unguwar nan duka ke buɗa baki.

Ya fito, ya shimfiɗa buzunsa a inda yake. Bai yi jawabi ba, ba halinsa ba ne. Ya dubi wajen takalma, ya daki gefen buzun da tafin hannu.

"Malam Tanimu. Taso nan."

Tanimu ya waiwaya bayansa, yana neman malamin da ake kira.

To, kun ji. Darasin a fili yake, amma zan faɗa don masu gyangyaɗi. Gyara a ɓoye ba ya sauke amana, matuƙar ɓarnar ta riga ta shiga gidajen mutane. Wanda aka dogara da aikinsa, kuskurensa ba nasa ba ne shi kaɗai. Kowa na kuskure, ba wannan ake tambaya ba. Abin tambaya, da ka gano, wa ka gaya wa?

Kada wani ya ce shi ba ya taɓa kwamfuta. Kai bakanike, ka ɗaure birki da ƙusa marar kyau, ka gane bayan mota ta tafi. Canza ƙusoshin shagonka bai isa ba, nemi mai motar. Ke mai ƙosai, kin gano man jiya ya lalace bayan kin sayar. Kai malami, ka koya wa ɗalibai karatu a karkace, yau ka gano daidai. Kada ka shigo gobe kana karantawa daidai kamar ba a yi komai ba. Ka ce jiya na yi kure, ga gyara. Kuma in ka ga ana yabonka fiye da kullum, ranar ce za ka koma ka jefa tsakuwarka.

Allah ya ba mu ikon faɗin laifinmu da bakinmu tun kafin a tone shi. Ku tashi, lokacin salla ya yi.